Kwana a Tsamiyar Kwance

Mun taso daga Gujungu da la'asar sakaliya,
motoci uku, ayari guda,
tamu ce ta baya kamar kullum,
tsohuwar bas da Sallau ke kira Amarya
ko da yake ta girmi ɗansa na fari.
Buhun barkono tara, tabarmi ɗauri goma sha biyu,
da akuyar Gwaggo Tabawa wadda ta ƙi sayuwa.

Muna wuce wata rijiya a bakin titi
sai Amarya ta yi tari.
Ta sake tari.
Tururi ya taso daga hancinta
kamar an buɗe madambaci.
Sallau ya yi salati, ya gangara gefe,
na gaba kuwa sun riga sun zama ɗigo biyu
can inda kwalta ta haɗu da hadari.

Waya ba sabis.
Jatau yaron mota ya hau shuri, ya ɗaga hannu sama,
ya samu sanda ɗaya,
ya ce salamu alaikum, ta ɗauke.

Sai turi.
Ni da ban taɓa tura ko baro ba
na sa kafaɗa a bayan ƙarfe mai zafi,
laka na cin takalmina,
ina lissafin bashin dillali da kowane taku.
Gero ya yi tsayi hagu da dama,
bai san da kasuwar gobe ba.

Garin bai fi gida arba'in ba.
Mai unguwa bai tambayi sunanmu ba,
ya ce a share zaure.
Aka kawo tuwon dawa a akushi, miyar kuka,
da buta biyu, ɗaya na yoyo.
Muka yi magariba a bayan limamin da ke jan aya
kamar ba wanda ke sauri a duniya.
Na ji haushi a raka'ar farko.
A ta uku na daina ji.

Bakanike babu.
Akwai dai Ilu, mai gyaran injin ban-ruwa,
ya tafi fadama, sai bayan lisha.
Ya zo da tocila a baki, da sifana ɗaya a aljihu,
ya shafa cikin motar kamar mai duba saniya.
Ya ce, lagireto ya tsage,
sabo sai Gumel.
Ya yi shiru, ya shaƙi iska,
ya ce, wa ke da barkono a nan?

Na kwance buhuna da hannuna.
Matarsa ta daka a turmi, tsakar dare,
gidan duka na atishawa.
Ya zuba tafi uku, ya bi da ruwan randa,
ya ce, zai toshe, in Allah ya so,
amma kada ku yi gudu, ba ta son raini.

Ruwa ya sauko kafin asuba.
Muka rufe buhuna da tamfol, muka bar kanmu.
Sauro ya ci rabonsa.
Akuya ta ci gefen tabarma ɗaya,
ita kuwa Tabawa, ban san yaushe ba,
ta sayar da ita ga matar mai unguwa
da ƙarin dubu biyu a kan tayin Gujungu.

Da safe Amarya ta tashi a bugu na huɗu.
Ilu ya ƙi karɓar kuɗi.
Ya nuna tabarmar da akuya ta ci, ya ce wannan ta isa.

Kasuwa ta riga ta ci rabi kafin mu kai.
Na yi asarar da na yi.
Amma duk hanya motar na ƙamshin miya,
Jatau na hawaye yana dariya,
Sallau na riƙe da sitiyari a hankali
kamar mai ɗauke da nono a ƙwarya.