Gurbi Biyar a Takarda

A ɗakin cin abinci na jami'a, a Recife,
wake da shinkafa na hucewa a faranti,
Jussara ta baje takardar neman tallafi
tana karanto gurabun da ƙarfi:
fari, baƙi, wankan tarwaɗa,
ruwan ɗorawa, ɗan asalin ƙasa.
"To ni a ina zan sa alama?"

Otávio ya ce, "Ni fa ba na ganin launi,
mutum kawai nake gani."
Wagner ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi.
"Mai gadin ƙofa yana gani.
Sau uku makon nan ya nemi katina,
kai kuwa barka da asuba ya yi maka."

Otávio ya juya cokali.
Ai kakansa ma, in ji shi,
da jaka ɗaya ya sauko daga jirgin ruwa.
"Nawa ma jirgi ne ya kawo shi," in ji Wagner,
"sai dai ba shi ya sayi tikitin ba."

Aka yi tsit kamar ruwa ya ci mu.
Can sai aka koma ga alƙaluma,
kashi kaza cikin ɗari a kurkuku,
kashi kaza a ajin likitanci,
kowa na jifa da abin da ya haddace jiya.

Ni dai ban tanka ba.
A unguwarmu farar gida ake ce mini,
kakata har shafa gashina take tana godiya.
A nan kuwa, ranar farko,
wata ta miƙo mini kofin da ta gama sha.
Mota biyu nake hawa daga gida zuwa aji,
kuma a cikin ta biyun nake yin baƙi.

Matar da ke goge tebur ta iso da tsummanta.
Awa guda muna magana a kanta
ba wanda ya san sunanta.
Zuleide, haka aka rubuta a ƙirjin rigarta.
"Ku ɗaga hannuwa, masu ilmi," ta ce,
"ƙarfe uku zan kulle."

Muka ɗaga.
Jussara ta janye takardarta da sauri,
amma romon wake ya riga ya ɗiga,
ya zauna tsakanin gurbi na biyu da na uku,
yana faɗi a hankali.