Gishirin Tarana

Ƙwarya guda ta shinkafa, ba ta ma cika ba,
da ita alƙalin Bunza ya auna ni.
Shekarar fara ce. Ya sani, na sani,
rumbun da na ɗiba ma ya sani,
amma rumbu ba ya zuwa shaida.

Mu bakwai aka zarge a igiya ɗaya
kamar kifin da za a kai banda.
Ga Gwamma ungozoma, ɗan attajiri ya mutu a hannunta.
Ga Kwaire, da ta fasa goshin yaron hakimi da taɓarya,
har cikin jirgi tana cewa da ta ƙara masa.
Sai Hakama, ba ta faɗi nata ba,
mu ma ba mu tambaya ba.
Sauran ukun, sunayensu sun narke mini.

Ɗiyata Ige ta biyo gaɓa da gudu,
zane na kwancewa tana ɗaurawa,
har inda sarƙaƙiya ta tare hanya.
Mai tuƙi ya ce in bar waiwaye,
wai ina karkata masa jirgi.

Gulbi ya miƙa mu ga gulbi,
sannan ƙafa ta karɓa,
har wata tunga a bayan Kamba
inda ƙasa ke fari ba don tsabta ba.
Nan aka kwance mu.
Ba ganuwa, ba ƙofa, ba dogari mai bulala kullum.
Nisa ne gidan yarin,
kura ce mai gadin dare.

Da asuba mu kankare ƙasa da sakaina,
mu zuba a kwando, mu tsiyaye,
mu dafa ruwan har tukunya ta yi furfura.
Hayaƙi ya ci idon Gwamma tun damina ta biyu,
duk da haka ita ta karɓi kowace haihuwa a tungar,
da lalube,
kuma ba wanda ya mutu a hannunta.
Faso ya buɗe baki a dugadugaina,
gishiri na shiga yana gaisawa.
Abin dariya, miyarmu lami ce.
Mai tunga na ƙirga kantu kamar yana ƙirga haƙoransa.

Hakama ta tafi daren da aka ga wata.
An tsinci kallabinta. Ba a tsinci saura ba.
Kwaire ta ce ta isa gida,
muka ce haka ne, ta isa.

Shekara uku alƙali ya yanke.
Na ƙulla su a bakin zane, na ƙara uku, na daina ƙullawa.
Ba wanda ya zo ya ce sun cika.
Da na tambayi wani falke labarin Bunza
sai ya ce alƙalin ya daɗe da rasuwa,
wanda ya gaje shi bai san da wata Tarana ba.
Kuɗin jirgi wuri dubu ne da 'yan kai,
ni kuwa ko na ƙuli-ƙuli ban riƙe ba,
ga kuma yaro a bayana, haihuwar nan,
da bai san ruwa na da wani ɗanɗano ba.

To, ga abin da nake yi.
Kowane kantu, kafin ya bushe,
nakan danna masa babban yatsa a gindi,
yatsan nan mai tabon lauje.
Jakuna na kai shi Jega, daga Jega ya watsu.
Ige yanzu ta isa riƙe ludayi.
Wata ran za ta juya kantu a kasuwa tana taya kuɗi,
ta ga gurbin, ta yi shiru.
Ko kada ta gani.
Ta dai saya, ta marmasa a miya,
ta ɗanɗana da bakin ludayi,
ta ce ya ji.