Ragon Suna

Ni ban san ƙidayar gwamnati ba.
Igiya na sani:
nawa na kwance da safe,
nawa suka sake kwana a turke
a nan Alaba Rago, inda ruwan sama
ba ya sallama kafin ya shigo.

Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a.
Kasuwar Sallah guguwa ce, mako guda ta wuce.
Ragon suna shi ke riƙe da tukunyata.

A da, yaro kan zo gemu bai gama tsirowa ba,
kunyar ɗan fari ta ɗaure masa baki,
ƙanin ubansa ke taya masa,
shi yana gefe yana tona ƙasa da ɗan yatsa.
In zai tafi ba na cewa sai wata rana,
sai baɗin baɗaɗa nake cewa,
kuma ya dawo.
Ɗanliti mai shayi na Ijora
sau tara ya karɓi igiya a hannuna.
Na goman bashi ne, da kofi kofi ya biya ni.

Masu zuwa yanzu furfura ta leƙo gefen kunne.
Su ɗaga waya su haska garke,
mai jego ta zaɓa daga gadon asibiti.
Na ce wa wani, Allah ya kawo na baya.
Ya ce, amin Baba, amma ba da gudu ba,
mai gidan haya kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule,
makaranta kuma ba ta san uzuri ba.

Ina da ashirin da ɗaya aka raɗa wa na farko suna.
Sabi'u ɗana, sunansa ma lissafi ne,
sai da ya kai talatin da shida.
Gyaran waya yake a Ikeja,
matarsa Zulai tana ba da magani a Mushin.
Danfo ya ɗauke su kafin alfijir ya keto,
cunkoson hanya ya amayo su bayan isha'i.
Ya ce, Baba, Ummita ɗaya tal,
ita ma a barci na fi saninta.

Na ce, bakin da Allah ya tsaga
ba ya hana shi abinci.
Ya ce, haka ne.
Ya yi shiru, sannan ya ce,
ka tuna daren da Ila ke zazzaɓi,
muna tara a ɗaki, babu kuɗin allura?

Na tuna.
Goma sha ɗaya na haifa,
uku suna kwance a Agege.
Ban amsa ba. Na gyara wa raguna harawa
wadda ba ta buƙatar gyara.

Duk da haka na ware wa ƙanin Ummita rago,
fari, mai baƙin kunne.
Damina uku yana cin dusar banza,
ƙahonsa ya zaga ya kusa komawa inda ya fito.

Jiya wani ya zo, direban tirela daga Apapa,
shekara arba'in da tara, na farinsa ke nan,
bayan sha shida ana zaryar asibiti da addu'a.
Bai taya ba. Hannunsa rawa yake.
Ya ce, ran da yaron zai cika ashirin
ni ina dab da saba'in,
ko zan gani?
Na ce, mai ashirin ma bai karɓi takarda ba.

Ya zaga garke, ya tsaya kan mai baƙin kunne.
Na ce, wannan da mai shi.
Ya ce, yaushe zai zo ɗauka?

Wani na sayar masa, ja, ƙosasshe,
na rage dubu biyar ba tare da ya roƙa ba.
Da magariba na zuba wa farin dusa,
na ƙara masa kanwa kaɗan.