Kayen Barira a Ɗan Isa

Kwananmu uku a Ɗan Isa, injin ya huce,
buhu ɗari biyu da arba'in, duka aya.
Lawali ya baje tabarma ƙarƙashin mota,
ya ce in an ɗaga sanda a tashe shi, ya juya baya.

Ina laluben sifana bayan kujera
hannuna ya faɗa kan kayen ɗiyata Barira.
Ta manta shi ran da na sauke ta lakwal.
Ni da na tsere daga aji huɗu,
na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi,
ɗan Faransancin da ya rage mini yana ɗingishi a hanya.

Darasin Mushe Ma'azu ne: Tarayyar Afirka.
Wai a sittin da uku, birnin Adis Ababa,
ƙasa talatin da biyu suka haɗa gwiwa,
suka ce sai mulkin mallaka ya tattara tabarmarsa,
sai baƙar fata ta yi magana da murya ɗaya.

Tafiya ta miƙa, aka zauna a Sirti,
aka je Durban aka raɗa mata sabon suna.
Nan na yi dariya ni kaɗai.
Ni ma na taɓa sake wa motar nan fenti,
na sa aka rubuta Haƙuri Maganin Zama a goshinta,
amma injin dai na jiya.

Ta ja layi da jan biro:
taron shugabanni, hukuma a Adis,
majalisa can Afirka ta Kudu,
kwamitin sulhu da tsaro, kotu a Arusha.
Na san Agadas, na san Kwatano, na kwana Lome,
Arusha kam ban san ta inda ake shiga ba,
da na kai ƙarar jikka biyar ɗin da aka karɓe mini shekaranjiya.

Kasuwa guda, in ji kaye, daga teku har teku,
kuma a Yamai ma aka buɗe ta.
To ga ni, ga kaya, ga Jibiya ina jiyo zakarunta,
garin da aka yanke wa uwata cibiya.

Gulbi bai san wannan ba.
Ya taso daga ƙasar Katsina,
ya gai da Madarunfa, ya shayar da fadamar Maradi,
ya ratsa Tibiri ya koma inda ya ga dama,
ba ɗan duwan da ya tambaye shi takarda,
ba wanda ya ce ya sauke yashinsa a ƙirga.
Ruwa ya riga mu shiga tarayya.

Shafin ƙarshe: dubu biyu da sittin da uku.
Na ƙirga da yatsu.
Barira za ta haura hamsin, da jikoki.
Ni kuwa ƙasa ta daɗe da rufe mini ido,
sai dai wanda ya shuka tsamiya
ba don bakinsa yake shuka tsamiya.

Bayan isha ta kira, muryarta na rawa:
jarrabawa gobe, ta birkice ɗaki ba ta ga kaye ba.
Na ce zauna, ɗauko alli.
Na kunna tocila na fara karanta mata,
tana gyara mini baki, tana dariya cikin kuka.
Wani direba ɗan Cadi ya matso da butar shayi,
Bayarabe mai tirelar siminti ya riƙe mini tocila,
wani Bazabarme ya ce a maimaita wurin kotun nan.
Muka zama aji, a gindin taya.

Ta ce, Baba, ƙasashen nawa ne yanzu?
Na ce hamsin da biy...
kuɗi suka ƙare a waya.

Sandar tana nan yadda take.
Na sa kayen cikin riga, kusa da takardun mota.
Lawali ya ɗago kai: an buɗe?
Na ce tukuna. Koma barci, Allah ya kai mu safiya.