Faifai Na Bakwai

Kakata Ermelinda ba ta yarda da waya ba.
Abin da ba ta riƙe a hannu ba,
ba ta kulle a aljihun tebur ba,
wai ba nata ba ne.

Bidiyon minti tara ne kacal:
kakana Fermín a bakin tekun Valparaíso,
wando a naɗe, yana gasa kifi,
yana zagin iska don ta kashe masa wuta.

Daren Talata na shiga farautar manhaja.
Ta farko ta nemi kuɗi tun kafin gaisuwa.
Ta biyu ta manna tambarinta a goshin mamaci.
Ta uku ta ɗura hoton, ta yar da murya a hanya,
Fermín na buɗe baki kamar kifin hannunsa.

Tsohuwar na'urar falo ta haɗiye faifai,
ta yi gurnani, ta tofo shi:
babu faifai, in ji ta.
Shida suka lalace haka.
Kaka ta rataye su a bishiyar lemo
su kori tsuntsaye.

Da jijjifi wata manhaja, kyauta, mummuna,
ta tambaye ni tsarin talabijin na ƙasarmu.
Ashe nan gizo ke saƙar.

Na'ura ta yi shiru. Sai tari.
Tarinsa.
Kaka ta fito daga kicin da cokali a hannu,
ko allon ba ta duba ba,
ta ce masa: Ai na gaya maka,
juya wa iskar baya.