Gwangwani Goma Sha Biyu

Shekara huɗu ina wanke-wanke a ɗakin girkin ƴan Sin,
can hanyar Tanut, inda wutar matata ba ta barci.
Omo ya cinye mini hannu.
Tsakanin yatsuna ya dare kamar bakin tafki a bazara,
in zan yi alwala sai na cije leɓe.

Tsoho Wen, kukun da bai iya Hausa ba sai "sannu" da "ya isa",
ya kama hannuna ya juya, ya yi tsaki irin na garinsu,
ya buɗe akwatin ƙarfe:
saiwa mai zaƙi kamar rake, busasshen fure ruwan ɗorawa,
da wani ɓawo da ya fi maɗaci ɗaci.
Ya dafa su cikin mai, wuta ƙasa-ƙasa,
ya ɗaga mini yatsa uku. Awa uku ke nan, ban da gaggawa.
Kwana tara, zobena ya koma yatsansa.

Ran da zai tafi gida ya bar mini littafi,
rubutu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito.
Nafi'u ɗan ƙanwata ya ɗora wayarsa a kai,
wayar ta ba mu Faransanci mai ɗingishi,
wai a tafasa inuwar damisa.
Muka yi dariya har maƙwabta suka leƙo.
Abin da na gane na riƙe,
saura na bar wa mai shi.

Jarina kuɗin adashi ne, jaka arba'in,
da tunkiyar da na sayar ban gaya wa kowa ba.
Saiwa ta zo daga Kano cikin kwali, ƙarƙashin kujerar direba,
man kaɗanya daga Kasuwar Dole,
kakin zuma daga wani mutumin Mirya
da ya rantse sau uku bai gauraya ba.

Tukunyar farko ta ƙone ina sallar la'asar.
Ta biyu ta yi kyau, na zuba, na jera bakin taga,
ranar Damagaram ta zo ta mayar da ita ruwa.
Na zauna bakin ƙofa na yi kuka kaɗan,
na tashi na ƙara kaki.
Littafin Wen bai san zafin garinmu ba.
Wannan shafin ni na rubuta shi.

Gwangwani goma sha biyu a kan faifai.
Matan Birni suka zo, suka buɗe, suka shinshina.
"Barira, yana sa fari?"
Na ce a'a.
"To na Sin ɗin me ke nan?"
Suka rufe, suka gyara mayafi.
Kalma ɗaya ce tsakanina da cinikin,
na ji ta a kan harshena, na haɗiye ta da ƙyar.

Da yamma sai ga Baba Ɗanjimma majemi,
hannu kamar bayan kada, toka da bagaruwa sun gama da shi.
Ya ƙirga dala ɗari, duk tsaba, bai ce uffan ba.
Na ce in ya yi ruwa ka tafi likita, nawa ba na wannan ba ne.
Ya ce ya ji.

Ran Alhamis ya dawo da mutum biyu,
warin fata ya riga su sallama.
Ya shimfiɗa tafinsa a kan tabarmata
kamar mai nuna gonar da aka yi wa ruwan farko.

Yanzu Nafi'u na so mu buga takarda,
hoton farar mace da haruffan Sin ja.
Na ce ya zana hannu kawai.
Yana gunaguni, yana zanawa.

Saura gwangwani bakwai, ga mai karɓar haraji ya fara gaishe ni.
Tukunya na kan wuta.
Ƴata ta miƙa hannu za ta ƙara gawayi,
na ɗaga mata yatsa uku.