Jan Biro

Shekarar da ya sauka Gidar
da akwatin ƙarfe da takalmi mai ƙara,
mukan ji shi tun daga ƙofa, ƙwas, ƙwas,
kafin mu ga fuskarsa.
Dakta Hamajoda.
"Yaro ne," in ji Talatu ungozoma,
"na girme shi da haihuwa ɗari bakwai."

Ya kafa littafi a kan tebur,
ya ɗaure masa jan biro da zare.
Bakwai da rabi ka sa hannu,
minti biyar a kai, ya ja maka layi.
Bai taɓa tambayar Ngaya
me ya sa wandonsa kullum jiƙe har gwiwa ba.
Mayo Luti ne tsakanin gidansa da mu.
Muka raɗa masa Jan Biro.
In ya shigo hira takan mutu
kamar an watsa wa garwashi ruwa.

Shekara ta biyu kwalin kinin ya ɓace.
Ya tara mu a rana, ya kira sunan Ngaya.
Kwana tara aka ga kwalin
ƙarƙashin teburinsa shi kansa.
Bai ce a yafe masa ba, bakin bai koya ba tukuna.
Da safe dai muka gan shi a baranda
yana jiran mai jiƙaƙƙen wando,
kofin shayi a hannu, har ya huce.

Damina ta uku, amai da gudawa.
Gado goma sha huɗu, mutum sittin.
Ledojin ƙarin ruwa muka rataye a rassan darbejiya.
Wuta ta ɗauke,
firjin allurar yara ya fara gumi.
Ya zo wurina, ni da ban wuce mai allura ba:
"Dijatu, ke kin daɗe a nan. Yaya ake yi?"
Na kai shi gun mai kifin Lagdo,
muka ɗauro ƙanƙara a bayan babur
da kuɗin aljihunsa.
Daren nan ya ɗauki bokiti kamar kowa.
Takalmin nan mai ƙara
a ruwan kulorin ya yi shiru.

Daga nan taronmu ya sake kama.
Sai ya zauna, ya bar mu mu fara,
har mai shara ta faɗi nata.
Amma gaisuwa har ya tafi bai iya ba,
alawus na makara, ya ce laifin Garwa ne.
Talatu ta ce, "Bai canza ba,
mu ne fatarmu ta saba da kaifin."
Ngaya ya ce, "Wuƙar ce dai,
amma yanzu ta san inda gaɓa take."
Ni ban raba musu gardama ba.

Shekara ta bakwai takarda ta zo.
Ya damƙa mini makullai goma sha ɗaya,
ya ce na biyun sai an ɗan ɗaga ƙofar.
Shi ke nan wasiyyar.
A aljihun tebur na tarar da biron,
zarensa na nan, tawada da saura.

Jiya sabuwar yarinyar nan, Astajam,
ta shigo takwas saura kwata.
Hannuna da kansa ya tafi aljihun tebur.
Sai idona ya sauka kan ƙafarta:
laka har idon sawu.